Faifan Roba a Bakin Kaskon Baba

Asabar, 2 ga Agusta, hantsi

Yau ma yatsun Baba suna motsi. Na hannun hagu, mai sauran lafiyar. Ko yana kwance ko yana jingine da bango, sai ka ga manuni da na tsakiya sun taɓa tabarma, sun ɗaga, sun sake taɓawa. Goggo Laure ta ce karkarwa ce irin ta masu shanyewar ɓarin jiki, in daina ƙura masa ido ina tayar wa kaina hankali. Goggo ƙanwarsa ce, ta san shi tun ba a yi mafarkin haihuwata ba, amma ni ban yarda ba. Karkarwa ba ta tsayawa ta huta, sannan ta dawo daidai inda ta tsaya.

Tun ranar da aka ɗauko shi daga gonar gyaɗa bai ce uffan ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kaɗa gangar noma tun daga nan Kafin Dafga har Ruwan Bago, wanda in ya taɓa fata kowa ya san yau akwai gayya, yanzu ko ruwa ba ya iya roƙa. Abin da likita ya faɗa mana a baranda ba zan rubuta shi a nan ba.

Yaya Lurwanu ya bugo daga Kano. Ya ce ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauke shi, ya zauna wurinsa kusa da asibiti. Na ce a tambayi Baba mana. Ya ce, "Hamdiyya, wa za a tambaya? Bai san inda yake ba. Nan da can duk ɗaya ne a wurinsa."

Ba ɗaya ba ne. A ɗakin nan aka haife shi. In aka ɗauke shi kamar buhun masara ba a tambaye shi ba, ni na san ba zai ga kaka ba.

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Na je Rogo. Muttaka, ɗan ajinmu a sakandare, yana da situdiyo a can, inda ake buga waƙoƙin biki. Na tuna da gangar lantarkin da ya taɓa yi mini kuka a kanta, wai ta daina ji, ya jingine ta bayan ƙofa. Fayafayan roba ne zagayayyu, kowanne da wayarsa, duk suna shiga wani ɗan akwati da ke fitar da sauti. In ka taɓa faifan ko da a hankali, akwatin sai ya ba da muryar ganga cikakkiya. Muttaka ya ɗura masa muryar gangar Hausa da ta kalangu.

Ya ce, "Injiniyar matan aure, yau kuma ganga kika koma? Wayoyin hajiyoyin Karaye da kike gyarawa sun ƙare ne?"

Na ce masa wayoyin hajiyoyi ba sa ƙarewa, tunda ba mai yarda namiji ya leƙa hotunanta. Sannan na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya daina dariya. Ya ɗaure mini faifai uku da akwatin da ƙaramar lasifika a bayan babur da hannunsa, ya ce in gaishe da Baba da jiki.

Dabarata ita ce, in yatsun nan kiɗa suke yi, kowa ya ji. Yaya ma ya ji.

Talata, 5 ga Agusta, da safe

Na buɗe fayafayan ɗaya bayan ɗaya a kan tabarmar tsakar gida. A ƙarƙashin robar akwai farantin ƙarfe, a jikinsa kuma aka manna sensa, ɗan zagayayyen tagulla kamar tsohon kwabo, da farin abu a tsakiyarsa da siraran wayoyi biyu. Shi ne kunnen gangar. Na farkon ya tsage gida biyu. Na biyu jar wayarsa ta ciro daga dalma. Na uku lafiyarsa lau, gam ne kawai ya sake shi yana lilo a ciki.

Na jona na ukun a mitar gwajin wuta, na ƙwanƙwasa shi da farce. Lambobi suka yi tsalle. Ba batir, ba sola, ba komai. Ɗan ƙarfen nan shi da kansa yake haifar da wuta in an taɓa shi. Na karanta haka a makaranta, na ci jarrabawa a kansa, amma yau na zauna ina ƙwanƙwasa shi ina cewa Subhanallahi kamar ban taɓa gani ba. Allah ya ɓoye ji a cikin dutse da ƙarfe, to ina ga mutum.

Goggo ta leƙo ta ce in zan yi wasa in bari sai na wanke wa Baba kayansa.

Alhamis, 7 ga Agusta, Azahar

Na ƙona sensa ɗaya. Na bar ƙarfen dalma ya daɗe a kansa, farin ya ɗaye. Saura mai jar wayar kawai.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Ya yi. Na mayar da jar wayar, na manna sensar da gam ɗin kyandir, na ƙara wa akwatin ji har ƙarshe don yatsun Baba ba su da ƙarfi. Na ajiye faifan a kan benci a baranda na shiga ɗauko lasifika mai kyau, sai hadari ya haɗu, ruwa ya fara sauka a kan kwano. Ina cikin ɗaki na ji ganga ta ɗauka, dam dam dam, babu kowa kusa da ita.

Goggo ta saki muciya ta fito tana a'uziyya. Ta ce ita dai ta faɗa, kayan mawaƙa ba a shigo da su gidan mara lafiya haka kawai. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, karon farko tun da abin nan ya faru. Girgizar ruwan ce take bin ginshiƙi ta shiga benci, sensar ta ji. Na rage masa ji kaɗan ya yi shiru. Amma gaskiya ni ma tsigar jikina ta tashi. Ruwan sama ya yi kiɗa a gidan makaɗi.

Na leƙa Baba. Idonsa yana kan ƙofa.

Lahadi, 10 ga Agusta, hantsi

Na ɗora masa faifan a gefen hagunsa, na ɗauki hannunsa na aza a kai. Ya taɓa sau ɗaya. Lasifika ta amsa. Ya tsaya. Ya sake taɓawa, ya shafa robar da tafin hannu, sannan ya janye hannun ya juya fuskarsa bango.

Na roƙe shi. Na ce, "Baba, don Allah, ko kaɗan." Bai waiwayo ba.



Talata, 12 ga Agusta, bayan La'asar

Na bar masa faifan a gefensa na tafi Karaye, mata sun tara mini wayoyi. Na dawo na taɓa shi, shiru. Na buɗe, sensar ta faɗo, gam ɗin ya yi laushi kamar alewa. Na sake mannawa.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan La'asar

Ta sake faɗowa.

Juma'a, 15 ga Agusta, da yamma

Ta sake faɗowa, kuma yau gefen robar ya ɗan lanƙwashe yana warin taya. Na fita na sami Goggo tana tsince wake. Ban gaishe ta yadda ya kamata ba. Na ce in ba ta son abin a gidan ta gaya mini in mayar, ba sai ta riƙa kai shi bakin murhu ba.

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "'Yar nan, ni da nake tsoron in taɓa shi ko da tsintsiya? Kaskon wuta dai ina kai wa Yayana kullum da safe saboda sanyin damina, kamar yadda kika sani. Abinki kuwa inda kika ajiye shi nan nake barinsa."

Na ba ta haƙuri, amma a raina ban sake ta ba. Raina a ɓace yake da kowa. Da Goggo, da Muttaka da robarsa, da Yaya da yake bugowa yana tambayar girman katifar da zai saya. Har da Baba, Allah ya yafe mini.

Yatsunsa suna nan suna motsi a kan tabarma.

Litinin, 18 ga Agusta, Azahar

Dole in rubuta wannan.

Na fita da safe zan tafi Karaye, na tarar ruwan jiya ya cinye hanya, mai babur ya ce shi ba zai jefa mashin ɗinsa ba. Na dawo gida ba wanda ya ji shigowata. Goggo tana bayan gida wurin awaki. Na ɗaga labulen ɗakin Baba kaɗan, sai na tsaya.

Ya jawo faifan da hannun hagu, kaɗan kaɗan, har bakin kasko. Ya tokare shi da gwiwa ya karkata fuskarsa ga garwashi. Ya jira. Ya taɓa tsakiya da yatsa, ya karkata kai yana sauraro. Ya juya faifan kaɗan, ya sake jira, ya sake taɓawa. Gumi yana keto masa saboda wahala, amma fuskarsa ba ta mara lafiya ba ce. Fuskar mutum ce a bakin aikinsa.

Gasa shi yake yi, kamar ganga.

Haka na taso ina ganinsa kowace safiyar damina. Laima tana sa fatar ganga ta saki, muryarta ta mutu, sai ya hura wutar kara a ƙofar gida ya riƙa juya gangar a gefenta yana ɗanɗana ta da yatsa har fatar ta ɗaure. Bai taɓa kaɗa gangar da bai gasa ba, ko manoma sun cika gona suna jiransa. Ranar Lahadi ba ƙi ya yi ba. Ya taɓa abu mai sanyi da laushi, ya san ba ta shirya ba, shi ne kullum in na fita yake shirya ta. Ni kuma in dawo ina zagin gam.

Ya san damina ce. Ya san safiya ce. Ya san ganga, ya san abin da take buƙata. Duk kwanakin nan da muke magana a kansa yana kwance, muna cewa a juya shi, a ba shi, a kai shi, yana ciki yana jinmu. Na saki labulen na koma zaure na yi kuka mai yawa, kuma ba na baƙin ciki ba ne. Tsoron Allah ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ko a wurin wa'azi ba.

Na je na durƙusa wa Goggo na ba ta haƙuri na gaskiya. Da na gaya mata, ta rufe baki da mayafi ta ce, "Ashe Ɗantala yana nan." Ba ta taɓa kiran sunansa a gabana ba sai yau.

Litinin ɗin dai, bayan La'asar

Na buga wa Yaya waya ina haki. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Allah ya sa haka ne. Amma Hamdiyya, mai jin sanyi yana iya tura komai wajen wuta. Kada ki ɗora wa ranki abin da zai karya ki." Ranar zuwansa tana nan yadda take.

Ban ji haushinsa ba. Bai gani ba ne.

Laraba, 20 ga Agusta, hantsi

Roba ba ta gasuwa, kuma ba zan hana Baba gashi ba. Saboda haka na hau turmi na sauko da gangarsa daga inda take rataye. Ƙura ce kawai da gidan zanzaro a gefe, fatar ba ta huje ba. Da ya ga ina goge ta, numfashinsa ya canza.

Na ciro sensar ƙarshe daga faifan Muttaka. Ba gam kuma. Na yanko ɗan soso, na ɗora sensar a kansa a bakin fatar, na ɗaure da robar tsohon tub ɗin keke, yadda zan iya zare ta in za a gasa in mayar in an gama.

Matsala sabuwa: fatar gaske tana da rai. Ka taɓa sau ɗaya ta ci gaba da rawa, sensar ta ɗauka duka uku aka yi, lasifika ta yi ta in'ina. Na wuni ina matsar da soson, ina ƙara masa kauri, ina rage wa akwatin saurin amsawa. In na kashe in'inar sai ya daina jin taɓi mai laushi, in na dawo da jin sai in'inar ta dawo.

Asabar, 23 ga Agusta, Azahar

Har yanzu in'ina. Sensa ɗaya ta rage mini a duniya, ina taɓa ta kamar ƙwai.

Lahadi, 24 ga Agusta, da safe

Baba ne ya gyara. Ina ta fama a gabansa, sai ya miƙo hannu ya ture sensar da ɗan yatsa, ya matsar da ita can gefe kusa da inda igiya ta kama fatar. Na taɓa. Duka ɗaya, amsa ɗaya. A nan ne fatar ba ta rawa sosai, kuma wa zai fi shi sani.

Na ce, "Na gode, Baba." Gefen bakinsa mai lafiyar ya ɗan ɗaga. Bai kaɗa ba dai. Ya gaji, barci ya ɗauke shi hannunsa a kan gangar.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan Azahar

Baba Awaisu ya zo dubiya daga Ruwan Bago. Aminin Baba ne, a zamaninsu ba wanda yake shan gabansa a kunyar gona in an yi gayya. Yanzu da sanda yake tafiya. Mun riga mun gasa gangar da safe, ni na riƙe, Baba yana ɗanɗanawa, har ya ɗaga mini yatsa alamar ta yi.

Baba Awaisu ya yi sallama ya zauna. Ya gaishe da Goggo, ya tambayi jiki, ya tambayi ruwa da amfanin gona, ya yi addu'a mai tsawo. Duk da mu yake magana, kamar yadda kowa yake yi. Ya shafa fatiha zai miƙe ke nan, yatsun Baba suka sauka.

A fatar kanta sautin bai fi ɗigon ruwa ba, amma lasifika ta cika ɗakin da ganga. Ba taɓe-taɓe ba ne. Kiɗa ne mai kai da gindi, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Shi ne abin da yake yi a kan tabarma tun farko, na gane tafiyarsa.

Sandar Baba Awaisu ta faɗi. Tsohon nan ya miƙe tsaye ba tare da ita ba, kafaɗunsa suna rawa, hannunsa na dama yana lalubar ƙotar garmar da babu ita. Ya tsima. Kowane babban manomi yana da takensa, kiɗan da ake kiransa da shi a gona, kuma wannan nasa ne. Hawaye yana bin gemunsa ya ce, "Na amsa, Ɗantala. Ga ni. Na amsa."

Goggo ta zauna a bakin ƙofa tana salati. Maƙwabta suka cika tsakar gida ba wanda ya kira su. Ni kuwa ina riƙe da waya ɗaya da ta so ta zame, ina jin kiɗan yana bi ta cikin yatsuna kafin ya kai akwatin. Ban san da me zan gode wa Allah ba.

Bari dai Yaya ya zo. Baba zai gaya masa da kansa cewa ba inda za shi.

Juma'a, 29 ga Agusta, da yamma

Na duba dalmar, na sake dubawa. Na cika batir. Na roƙi Baba Awaisu ya dawo gobe.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan La'asar

Yaya ya iso da hantsi. Ya shimfiɗa katifa a bayan motar tun daga Kano. Ya shiga ɗakin ya tsuguna, ya ce, "Baba, ina kwana, ya jiki," da irin muryar da ake yi wa wanda ba a sa ran zai amsa. Baba ya dube shi, ya ɗora hannu a ganga.

Wani ɗan gajeren kiɗa ne mai tsalle. Ni ban san shi ba. Yaya ya san shi. Baba Awaisu ya ce shi ne wanda Baba ya ƙaga masa ranar da ya fara riƙe fartanya yana yaro. Yayana, mai gemu da 'ya'ya, ya kifa kansa a gwiwar Baba yana kuka yana cewa a yafe masa. Na tsaya a bayansa zuciyata fal. Na yi nasara, haka na ce a raina.

Da ya natsu ya goge fuska, ya gyara zama ya yi abin da nake roƙo tun farkon wata. Ya ce, "Baba, na zo ne in tafi da kai Kano. Akwai masu gashin ƙashi a can, sun ce in an dage hannun dama yana iya dawowa, ko ba duka ba. Amma sai abin da ka ce. In ka fi son gida, wallahi na koma ni kaɗai."

Baba ya daɗe bai motsa ba. Ya dubi rufin ɗakin, ya dubi Goggo, ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa. Sannan ya kaɗa wani abu daban, mai nauyi, a hankali, mai sauka a ƙarshe.

Baba Awaisu ya sunkuyar da kai. Na ce, "Baba Awaisu, me ya ce?"

Ya ce, "Kiɗan tashi ne, 'yata. Shi ake yi in an gama da gona, kowa ya saɓa garmarsa a nufi ta gaba."

Na ce wataƙila ba haka yake nufi ba. Na matsa na durƙusa a gabansa, na ce, "Baba, ni ce, Hamdiyya. Tafiya kake so? Ka bar ɗakinka?"

Ya dube ni sosai, yadda bai dube ni ba tun ranar gonar gyaɗa. Ya sake kaɗa shi, bai rage ko duka ɗaya ba. Da ya gama ya ɗauke hannun daga fatar ya ɗora a kaina.

Ni na haɗa masa kaya. Na nuna wa Yaya yadda ake zare sensar kafin gashi da inda ake mayar da ita, ya maimaita a gabana har na yarda da hannunsa. Gangar tana gefen hagun Baba a cikin motar.

Lahadi, 31 ga Agusta, hantsi

Goggo ta ce in ci abinci.

Wata guda ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da Baba zai faɗi abin da yake so da kansa. Na ɗauka na san abin da zai faɗa. Ashe ni ma ban tambaye shi ba, ni ce nake son ya zauna. Ni na buɗe masa baki, kuma da aka tambaye shi, tafiya ya zaɓa. Ina ta mamakin ikon Allah, ina alfahari da shi, kuma har yanzu na kasa ɗaga labulen ɗakinsa.